Wa Kika Zo Gani?

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Biza ta fito. Ranar ashirin da biyu zan tashi zuwa Ingila wurin 'yata, 'Yar Inna, cikinta ya tsufa. Haihuwar fari, a ƙasar da babu mai dafa mata ruwan wanka. Dole in je, kuma zan je. Ƙanenta Zulkifilu, da gemunsa da komai, sai fargaba yake, wai Mama ita kaɗai a jirgi. Na ce masa matar da ta riƙe firamare a Agyaragu shekara goma sha ɗaya, ba filin jirgi ne zai ruɗa ta ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Fotokofin fasfo uku: ɗaya a jakar hannu, ɗaya a akwati, ɗaya wurin Zulkifilu. Maganin hawan jini cikin kwalinsa, da takardar likita, duk a jakar hannu, don akwati yana iya wucewa wata ƙasa ya bar mai shi. Inshorar lafiya an yi. Adireshin gidan da lambar mijinta Luqman na rubuta a takarda. Rigar sanyi biyu daga 'yan gwanjo. Ni dai ban ga abin da ya rage ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Masu saƙo sun fara. Zaituna maƙwabciyata ta kawo ƙunshi an naɗe shi da salatif kamar mai karaya, wai na ɗan ƙanwarta da ke can. Na ce sai an buɗe a gabana. Kilishi ne. Na ce nama ba ya shiga, ta fita ba sallama. Za ta huce. Ni ma na cire gishirin Awe da kanwa daga kayana. Farin gari a leda ba rubutu, ina zan fara yi wa Bature bayanin kunun kanwa?

Asabar, 12 ga Oktoba

Francisca ta zo. Tare muka yi koyarwa, kuma sau biyu tana zuwa can wurin ɗanta. Ta ce sai ta yi min gwajin tambayoyin masu duba fasfo. Ta hau kujerar maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ta tsuke fuska.

Me na zo yi, na amsa. Kwana nawa, na amsa. A ina zan sauka, na karanto adireshi da ka. Sai ta ce, "Wa ka zo gani?" Na ce 'yata. Ta ce, "Wane suna?"

Na hau gyara takardun da ke gabana.

Shekara talatin da ɗaya ban taɓa faɗin sunan nan ba, ban taɓa rubuta shi ba. 'Yar fari ce, ga shi sunan uwar Malam aka sa mata. Kunya biyu ke nan. Ana yaye ta Inna mahaifiyata ta ɗauke ta, shi ya sa nake ce mata 'Yar Inna a bayan idonta, a gabanta kuma "ke". Fom ɗin biza ma Zulkifilu ya cike.

Francisca ta yi dariya har da hawaye. "Hajiya, wannan kunya naku ba ya da biza o. In ka kasa faɗa sunan yarinya da ka haifa, za su ce ƙarya ne. Jirgi na gaba, sai Lafia." Na ce ai zan miƙa takardar gayyata. Ta ce mai ƙarya ma yana da takarda.

Ban san ko tsoratarwa ce irin tata ba. Amma ba zan yarda a juyo da ni yarinyar nan ta haihu a hannun baƙi ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Harafi shida ne fa. Ƙaramin aiki.

Talata, 15 ga Oktoba

Na rufe ɗaki na gwada. Rabin sunan ya fito, sauran ya maƙale, kamar surukata tana tsaye bakin ƙofa. Tsohuwar hedimistires tana in'ina a gaban sif. Na yi wa kaina dariya.

Sai na tuna wata Sallah da aka kawo ta gida, tana 'yar shekara tara. Na ji ta ta taga tana tambayar Inna, "Wai Mama ta manta sunana ne?" Inna ta yi dariya, ni ma na yi a lokacin. Yau bai ba ni dariya ba. Ya yi min ciwo sosai.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Mun yi waya ta bidiyo. Ƙafafunta sun kumbura. Ta ce Mama kin shirya? Na ce tun yaushe. Ban gaya mata aikin da nake fama da shi ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Sau huɗu na faɗi sunan yau, cikakke, ina kicin injin markaɗe yana ƙara. Da la'asar Francisca ta bugo ba gaisuwa: "Madam, wane suna?" Na faɗa mata da ƙarfi don haushi. Ta ce na ci jarrabawa, saura na Bature.

Litinin, 21 ga Oktoba

Abuja. Hanyar Akwanga lafiya lau. Gobe da safe.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na iso jiya. A jirgi na riƙa miƙewa ina takawa kamar yadda likita ya ce, na sha ruwa har na gaji da layin banɗaki. Mai duba fasfo mace ce. Ta tambayi abin da na zo yi da ranar komawa, ta kalli tikiti, ta ce in wuce. Ko sunan ba ta tambaya ba. Wallahi sai da na ji haushi, duk wahalar nan.

Abu ɗaya na manta: layina na gida ba ya aiki a nan. Na fito wurin masu tarba, jama'a maƙil, waya ta zama katako. Luqman ashe ya tafi neman wurin ajiye mota. Can nesa na hango ta, hannu ɗaya a ƙugu, waya a kunne, ta juya baya tana jan ƙafa zuwa wata ƙofar daban. Ni take nema. Na ce "Ke!" Turawa biyu suka waiwayo, ita ko alama. Na sake, a banza. Ga akwati biyu, ba zan cim mata ba.

Sai na kira sunan, da muryar da nake tsayar da ɗalibai a asambili.

Ta tsaya cak. Ta juyo a hankali. Da ta iso ko sannu da zuwa ba ta yi min ba, sai ta ce, "Mama, sake faɗa." Na ce ki rufa min asiri, mutane na kallo. Ta kifa kai a kafaɗata har hijabina ya jiƙe.

Larura ce ta sa. Hayaniya ta yi yawa a wurin.

Asabar, 26 ga Oktoba

Sanyi ba a magana. Na dama kunun gyaɗa, Rahmat ta sha kofi biyu. Gidan nasu sama da ƙasa ne, "ke" ba ta kaiwa bene, dole mutum ya kira yadda za a ji. Ita kuma ta ɓullo da wani sabon hali, ba ta amsawa a kiran farko. Ina sane da ita sarai. Sai in sake kira.