Kwana Taran da Na Yi Ta Alfahari da Su

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Nafisa, wadda mutanen Bur Sudan ke kira Diktora, daga mahaifiyarki a Gadarif. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki, ina fatan jaririyar tana cikin kariyar Allah.

Na kira ki har na gaji, ba ki ɗaga ba, sai ɗan saƙo mai kalma uku: ina aiki, Yumma. Tunda kin fi duba wannan zauren waya na matan dangi a kan amsa wayar uwarki, a nan zan rubuta. Masu leƙe su leƙa. Akwai abin da su ma ya kamata su ji.

Yau kwananki goma sha huɗu da haihuwa. Ƙanwarki Amna ta gaya mini tun shekaranjiya kin koma saidaliyya, kina tsaye kina miƙa wa mutane magani daga safe zuwa la'asar, ɗinkin da aka yi miki bai warke ba, yarinya kuma tana hannun maƙwabciya da kwalbar madara. Wannan ba ƙwazo ba ne. Jikinki amana ne, 'yar nan ma amana ce, kuma za a tambaye ki a kan duka biyun. Ke da kike gaya wa matan mutane su huta, wa ya cire ki daga cikin mata?

Na san abin da kika ce wa Amna. Kin ce tun da yaƙi ya fitar da ku daga Khartum kika sake gina sunanki daga tushe, idan kika kwanta kwana arba'in ba ki san wace ce za ta tashi daga gadon ba. Sannan kika ce: Yumma ma kwana tara ta yi.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta sa na zauna rubuta miki wannan.

Gaskiya ne, kwana tara na yi. Kin ji shi daga bakina tun kina rarrafe. Duk ranar da na same ki a kwance da rana, da shi nake tashinki. Ranar da kika zo ta biyu a ajinku kina kuka, ban rarrashe ki ba, shi na maimaita miki. Amma rabin labarin kawai na ba ku.

A tsakiyar kaka na haife ki, riɗi na shigowa kasuwar amfanin gona mota bayan mota daga Fashaga da Basunda. Shekara ɗaya ke nan da aka naɗa ni shugabar mata masu rairayar riɗi, don ni kaɗai na gama sanawi, wato sakandare, a cikinsu. Ra'isa suke kirana. Kafin nan ni matar Idirisu ce kawai, 'yar Malam Bukar. Ina kwance a kan angarib, gadon nan na igiya, ana ba ni kunun hilba, kunnena yana kasuwa. Ba yunwa ta tashe ni ba, babanki bai rage mu da komai ba. Tsoro ne. Ina ganin idan suka yi wata guda ba su kira sunan nan ba, zai goge, ni ma in goge tare da shi.

Kakarki ta tare ƙofa ta ce, mai jego ƙafarta ɗaya a kabari take, koma ki kwanta. Na ɗaura tob ɗina, lulluɓin fita, na bi ta gefenta na wuce.

A kwana na huɗu da komawata na faɗi a tsakanin buhuna, jini ya ɓalle. A kan keken jaki aka kai ni asibiti. Na yi mako uku a can, da na fito nono ya ƙafe, bai kuma dawo ba. Na ce a gaya wa mutane malariya ce, aka gaya musu.

Kin san Usman ɗan maƙwabciyarmu marigayiya Sa'adiyya ɗan'uwanki ne na nono. Kin ɗauka sau biyar ko shida ta ba ki nono, lokacin da nake zazzaɓi. Shekara guda da wata bakwai ta shayar da ke, Nafisa. Ke a dama, Usman a hagu. Naman da ke jikinki nata ne.

Sa'adiyyar nan dai, wadda nake nuna muku ta saman danga in ce, ku yi karatu kada ku ƙare kamarta, daga rumfa sai tukunyar jabana ta dafa gahawa. Tana jina. Ba ta taɓa tanka mini ba, sai dai ta ɗago ƙaramin kofi ta ce, Ra'isa, zo ki zauna, riɗin ba zai gudu ba. Ban taɓa zama ba. Zaman da nake zagi, shi ya raya ki.

Bara da ta rasu, kwana uku layinmu bai ɗauki mutane ba. Ba ta da laƙabi, ba ta da takardar shahadar karatu ko ɗaya a bango, amma babu wanda ya tambayi wace ce. Ni da na koma kasuwa bayan jinyata, na tarar an raira riɗin wannan shekarar tas, an ɗinke buhuna, an loda. Babu buhun da ya jira ni.

Ba na ce ki bar aikinki ba. Ni na tsaya a kan karatunki, kuma ba na nadamar wannan. Amma kafin kowa ya ce miki Diktora, ni na ce miki Nafisa, ranar suna, alhali ba ki iya komai ba sai barci da kuka. A ranar ma ke mutum ce cikakkiya. Wannan ne ban koya miki ba, don ni ma ban sani ba.

Yanzu ma kaka ce, kasuwa ta cika. Ranar Lahadi na miƙa wa Halima 'yar Basunda rariyata da wurina, na ce ta riƙe mini matan har ƙarshen kaka. Kwana uku ke nan ina gida. Ba zan yi miki ƙarya ba, da wuya. Hannuna sai motsi yake shi kaɗai, na share tsakar gida sau uku kafin azahar. Jiya na shiga gidan Sa'adiyya, matar Usman ta dafa mini jabana, na zauna a rumfar nan har inuwa ta juya. Shekara talatin da gayyatar, sai da mai gayya ta tafi na amsa.

Gobe Usman zai kai ni tashar bas. Na ƙulla hilba da garin gero da man riɗi. Ki gaya wa mai saidaliyya ya nemi wanda zai tsaya masa, ko ni in je in gaya masa da kaina, kin san kuma zan iya. Kwana ashirin da shida suka rage miki. Za ki kwanta, ki sa 'yarki a ƙirji tun nono bai yi fushi ba, ni kuma in zauna a bakin gadon. Ke ba ki iya zama ba, ni ma ban iya ba. Sai mu koya tare.

Allah ya warkar da jikinki, ya raya mana wannan yarinya, ya sa ta san darajar kanta ko tana gudu ko tana zaune. Allah ya haskaka kabarin Sa'adiyya, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar da abin da ba ita ta haifa ba. Ni kuma ki yafe mini rabin labarin da na ɓoye.

Idan na kira daga hanya, ki ɗaga.

Mahaifiyarki,
Hawwa