Kyandirorin da Na Kunna Don Ku Sha Kaye

Kirkland Lake,
9 ga Oktoba, 1956.

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ka tashi lafiya. Yaya idon? Yaya gwiwar da sanyin nan? Na san kana ƙasa a kicin kana wasa ƙarfen takalmanka na ƙanƙara, ina jin kukan dutsen washin daga ɗakina. Amma haka Sista, malamarmu, ta koya mana fara wasiƙa, kuma ka san bakina ba ya buɗuwa a gabanka.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Fadan cocinmu na ɓoye wa. Tun ina shekara takwas, duk watan Maris nake saka kwabona a akwatin coci, in kunna kyandir, in roƙi Allah ƙungiyarku ta hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, ta sha kaye. Mama na durƙushe kusa da ni tana roƙon ku ci kofi, ni ina warware mata. Dalilina ɗaya ne. In an fitar da ku da wuri, jirgin ƙasa zai kawo ka farkon Afrilu. In kuka yi nasara, sai ƙarshen wata, ka iso a kumbure, ka yi barcin sati biyu. Sau shida Allah ya amsa mini, kuma ko sau ɗaya ban ji kunya ba.

Na bana ne ya fi ƙarfina. Ka tuna Fabrairu, da aka yi wa Mama aiki a ciki? Ni na zauna a bencin asibiti, ni na buɗe takardar wayar tangaraho da ka bugo daga Amurka: "Muna dab da shiga zagayen ƙarshe. Ki daure." Kalma takwas, na ƙirga. Daga nan coci na wuce. Ban ce ku sha kaye ba. Cewa na yi, "Ka dawo da shi ko ta wane hali." Kwana tara bayan haka sandar wani ɗan wasa ta shiga idonka na hagu.

Na yi kuka har na yi amai. Amma da na gan ka a tasha da bandeji, wani abu a ƙirjina ya yi murna, don na ce shi ke nan, ka zama namu. Wata bakwai ke nan ina ɗauke da wannan. Ka lura kullum a gefen hagunka nake zama wajen cin abinci? Ba don komai ba ne sai don kada ka gan ni.

To, yanzu da na faɗi nawa, bari in faɗi naka.

Shekara goma sha takwas kana buga hoki. Gari tara. Ɗinki ɗari biyu da sittin a fuskarka, kai da kanka kake faɗa wa baƙi, kamar wasu lambobin yabo. Ni ban taɓa ganin haƙoranka na gaba na gaskiya ba, sai na robar da kake ajiyewa a kofi kafin wasa. Duk wannan me ya haifar? Wasa goma sha ɗaya a babbar gasa, ƙwallo ɗaya a raga, shi ma lokacin yaƙi da gwanayen suka tafi soja. Hoton wannan rana yana falo, ya fi na aurenku girma. Ba ka nan aka haife ni, kuna Ohio. Ba ka nan na fara makaranta. Ranar da na karɓi Jibin Ubangiji na farko a coci ka aiko da kati, ka sa hannu da cikakken suna da lambar rigarka, yadda kake yi wa 'yan kallo. Yana nan, in kana so ka gani.

Kana yi mini dariya don littattafan soyayyar da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa. "Huguette, an sumbace ta ko tukuna?" Haka ka tambaye ni a gaban mutane, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bari in gaya maka abin da nake nema a cikinsu. Ba sumba ba ce. Shafin ƙarshe nake fara buɗewa, in duba ko mutumin ya dawo ya zauna. In bai zauna ba, ba na karantawa.

Ranar Lahadi ina tsane kwanuka na ji ku da Kawu Ovide, wan Mama. Ya ce, "Rosaire, wai gaskiya ne wata ƙungiya can yamma ta kira ka? Ba su da madubi ne a garin?" Ka ce, "Ido ɗayan nan nawa ya fi naka biyu, kai da ko ƙofar coci ba ka gani." Ya ce, "Likita fa ya ce wanda zai zo maka ta hagu ba za ka gan shi ba sai kana kwance." Ka ce, "Ai zan ji warinsa." Kuka fashe da dariya. Mama ba ta yi ba. Cokali ɗaya ta yi ta gogewa har kuka tashi.

Da Kawu ya kawo zancen aikin kula da filin ƙanƙarar gari, wanda aka ce naka ne in kana so, ka ce, "Ni zan riƙe tsintsiya in share wa 'ya'yan masu haƙar zinariya ƙanƙara?" Ai ɗan mai haƙar zinariya ne kai ma, Baba. Kuma wani ne ya share maka ka koya.

Manyan ƙungiyoyi sun ƙi ka don suna da dokar hana mai ido ɗaya wasa. Waɗannan na yamma sun karɓe ka don suna neman wanda zai yi musu dambe a tsakiyar wasa ranar Asabar, jama'a su yi ihu. In ɗayan idon ya tafi, za su sa ka a jirgi da tikiti a aljihu, su kira wani kafin ka iso. Wa zai riƙe hannunka zuwa banɗaki? Mama, mai ɗinkin da bai gama warkewa ba? Ni? Zan yi, na sani, kuma zan tsane ka ina yi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Jirginka ranar Alhamis ne. Ga abin da nake so, a fili: kada ka hau. Ka je wurin magajin gari ka karɓi tsintsiyar. In kuwa ka hau, na yi alkawari ba zan ƙara kunna kyandir a kanka ba, ko na alheri ko na sharri. Na gaji da yi wa Allah maganar da kai ya kamata in yi wa.

Da niyyata in cusa takardar nan cikin takalminka na dama, ka same ta can yamma bayan manyan duwatsu, inda ba zan ga fuskarka ba. Har na naɗe ta. Sai na ga wannan ma wani kyandir ne, a ɓoye, a bayan idonka.

Don haka yanzu zan sauko. Zan tsaya ta gefen damanka, inda kake gani, in miƙa maka hannu da hannu. In rubutun ya yi wa idonka ƙanƙanta, ka ajiye dutsen, ni zan karanta maka.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Huguette