Kwalayen da Baba Ba Ya Buɗewa

Litinin, 4 ga Maris

Wani kwalin kuma. Na dawo daga kantin maganin da nake aiki na tarar da shi a bayan kujera. Injin markaɗe ne, sabo dal. Muna da injin markaɗe. Baba kuwa, tunda ya dawo wurina nan unguwar Buruburu bayan rasuwar Mama, ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba. Na tambaye shi, ya ce, "Uwata, ba komai, wucewa zai yi." Wucewa zuwa ina? Sai ya ƙara muryar rediyo.

Alhamis, 7 ga Maris

Injin ya wuce. Maigadi ya ce mai babur ne ya zo ya ɗauka, Baba da kansa ya sauko da shi. Yau kuma takalman gudu suka iso. Mutumin da sai ya huta kafin ya gama hawa benenmu.

Asabar, 9 ga Maris

Na faɗa wa Naliaka, abokiyar aikina. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. "Kagendo, tsohonki ya yi budurwa! Ki fara koyon cewa Mama." Ni ban ga abin dariya ba. Ɗayan biyu ne: ko 'yan damfara sun same shi ta waya, ko kansa ya fara taɓuwa. Kullum ina ganin irinsu a kanti, 'ya'ya na zuwa karɓar wa iyaye maganin mantuwa.

Da muna cin ugali, tuwon masararmu, na tambayi Baba yau wace rana ce, kamar da wasa. Ya ajiye lomar ya dube ni. "Jarrabawa kike min? Na koyar da lissafi a Meru tun ba ki san hannun damarki ba. Kawo tambaya mai wuya." Na ji kunya. To amma takalman fa?

Laraba, 13 ga Maris

Dattijon nan, Mzee Wafula, ya sake zuwa. Abokin Baba ne na coci, ya yi aiki a filin jirgi kafin ya yi ritaya. Sun haɗa kai a kan waya suna ƙus-ƙus, ina shiga suka yi tsit kamar yaran da aka kama da sukari. Ban taɓa yarda da mutumin da ke dariya tun bai gama maganarsa ba. Ya cinye min fanken mandazi kuma.

Lahadi, 17 ga Maris

Bayan coci na tsare Baba. Na ce ko ya faɗa min, ko in kai wayar wurin 'yan sanda. Sai ya zaunar da ni kamar 'yar aji, har da share murya.

Wai kamfanin jirgin sama yana da shafi a intanet. Idan ka bi ta shafin ka shiga shagunan da suke hulɗa da su, duk abin da ka saya sai a zuba maka maki. Maki ya taru, a ba ka tikitin jirgi. Shi kuma sai ya jira makin ya shiga, ya mayar wa shago kayansa, shago ya mayar masa da kuɗinsa. Wafula ne ya koya masa, ba sai an faɗa ba.

Na ce, "Baba, wannan ai sata ce."

"Na wa na sata? Kayansu sun koma, kuɗina sun dawo."

"Makin fa?"

"Maki iska ne, uwata. Kin taɓa jin an ɗaure mutum don ya shaƙi iska?"

Dattijon coci ne fa wannan. Na ce to ina za ka? Ya ce, "Tsoho ba shi da ikon ganin gajimare?" Ya tashi wai zai kwanta. Akwai abin da bai faɗa ba. Na san fuskarsa.

Talata, 19 ga Maris

Na kira kamfanin jirgin lokacin hutun rana. So nake kawai in ji ko shafin nasu ne da gaske, ko na ɓarayi. Matar ta ce nasu ne. Na ce to idan mutum ya saya ya mayar fa? Ta ce in ba ta lambar asusun ta duba min. Da ma na kwafe lambar jiya yana wanka. Na ba ta. Ina jin tana danne-danne. Can ta ce, "Mun gode da kika sanar da mu."

Sanarwa? Ni tambaya na yi.

Juma'a, 22 ga Maris

Talabijin. Da ƙyar ta shiga ƙofa. Da kuɗin fanshonsa.

Laraba, 27 ga Maris

An ɗauke wuta a kanti, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka sallame mu da wuri. Na buɗe ƙofa a hankali saboda takalmana duk taɓo. Sai na ji gwalantun jariri ta waya daga ɗakin Baba. Sannan muryar da na ɗauka na manta.

Kirimi.

Ƙanena. Wanda ke zaune ƙasar waje, a Lusaka, wanda da aka binne Mama bai zo ba, sai furanni ya aiko da saƙo mai layi biyu. Ni na yi jinyarta, ni na wanke ta, ni na tsaya da masu haƙa kabari a cikin ruwan sama. A ranar, Baba da bakinsa ya ce kar a sake ambaton sunan nan a gabansa. Na riƙe masa wannan maganar kamar amana.

Ashe Kirimi ya haihu. Namiji. An sa masa Mutuma, sunan Baba. Ina tsaye ina jin Baba yana wata irin murya da ban taɓa sanin yana da ita ba: "Takwara, jira ni, na kusa. Kar ka fara tafiya ban zo ba."

Na koma waje na ja ƙofa, na sake shigowa da ƙara. Na tarar da shi yana karanta jarida a juye.

Tun yaushe? Wa ya fara kira? Kuma me Kirimi ke so yanzu? Gonarmu ta Meru, ba ko shakka. Ba a tuna uba haka kawai.

Alhamis, 28 ga Maris

Ban tayar da zancen Kirimi ba. Shi ma. A gidan, kowa na kallon kowa ta gefen ido.

Talata, 2 ga Afrilu

An rufe asusun Baba. Kamfanin ya aiko masa saƙo cewa ya saɓa ƙa'ida, sun kwashe makin duka. Duka, har da wanda ya samu da ya raka Mama asibiti a Indiya, wanda ba na wayo ba ne. Shagon ma ya ce ba zai karɓi talabijin ba, wai ya cika mayar da kaya.

Ya miƙo min wayar in karanta masa, wai ko tabaransa ne. Na karanta. Na dafa masa githeri, haɗin masara da wake, bai taɓa ba.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Na Wafula ba a rufe ba. Yau Baba ya kira shi, ina jin su daga kicin. "Hanya ɗaya muka bi, ya aka yi ni kaɗai kare ya ciza? Ko har yanzu kana cin abinci a filin jirgi?" Ya kashe wayar. Abotar da ta girme ni.

Ya shigo kicin ya ce, "Wani ne ya kai ƙarata, uwata." Na ci gaba da yanka ganyen sukuma na miya. Na yanka wanda zai ishi biki, na kuma cika wa miyar gishiri.

Naliaka ta ce na'urarsu ce ke kama irin wannan da kanta, da kirana da babu duk ɗaya. Wataƙila. Naliaka takan faɗi abin da mutum ke son ji idan ta ga ya rame.

Lahadi, 7 ga Afrilu

A coci Baba ya sauya benci. Da aka tashi Wafula ya tare ni a bakin ƙofa, yau babu dariya, idanunsa jajur. Ya ce, "'Yata, Allah ya gani ba ni ba ne." Na ce ni ban ce shi ne ba. Ya ce tun farko ya ba Baba shawara ya roƙe ni kuɗin tikiti kawai. Baba ya ce a'a. Wai, "Kagendo ta ɗauki kayan da ba nata kaɗai ba. Ba zan sa guminta ya kai ni inda zuciyarta ba ta so ba." Fanshon kuma ba zai kai shi ya dawo da shi ba.

Zai fara ba ni labarin abin da ya hana Kirimi zuwa jana'iza, na ce ina sauri. Ba na son dalili. Idan na ji dalili, me zan yi da shekarun nan?

Laraba, 10 ga Afrilu

Na sake kiran kamfanin. Wani namiji ne ya ɗauka. Maki ba zai dawo ba. Na ce ko na Indiya kaɗai? A'a. Na ce to kirana ne ya jawo? "Ba mu da izinin faɗa, ranki ya daɗe." Da izinin kwashewa dai kuna da shi.

Asabar, 13 ga Afrilu

An kafa talabijin a bango tunda ta zama tamu. Muna kallon labarai, mai karantawa ya fi mu girma. Baba ya daina shiga ɗaki da waya. Ina jin ya rasa abin da zai ce wa takwaran nasa. Ya tsufa a makon nan, har wandonsa ya yi masa yawa.

Na duba farashin tikitin Lusaka. Dubawa kawai.

Talata, 16 ga Afrilu

Na saya.

Na buga takardar a kanti na kawo masa. Na ce na yi ta rigima da kamfanin ne har suka ji kunya, suka ce tunda dattijo ne za su ba shi tikiti a madadin makinsa. Duk hanya a cikin matatu, motar haya, ina bitar maganar, amma da na zo faɗa sai ta fito da sauri kamar karatun yara.

Ya sa tabarau. Ya daɗe yana karantawa. Ya ce, "Lusaka." Sai a lokacin na tuna bai taɓa faɗa min inda za shi ba.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Makina ko rabin hanya bai kai ba. Kamfanin nan akwai kirki. Kuma akwai kunne."

Na ce ya kamata ya kira Mzee Wafula su shirya.

"Na ba shi haƙuri tun Litinin," in ji shi. "Mai laifi ba ya zuwa coci da jajayen idanu. Mai laifi gishiri yake cika wa miya." Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. "Zuba min abinci, uwata. Ko da gishirin."

Ya cinye, ya nemi ƙari.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Kujera biyu ce yanzu a jirgin. Dole wani ya riƙe masa maganin hawan jini, kuma Baba zai iya ɓata a filin jirgi yana gyara wa ma'aikata lissafi. Ba don Kirimi ba. In ya gaishe ni in amsa, shi ke nan. Maganar gona kuwa kunnena a buɗe yake.

Da zan dawo na tsaya wani shago, ruwa ne ya tare ni. Akwai wata 'yar rigar sanyi mai ruwan ƙasa, ta jarirai. An ce Lusaka akwai sanyi a Yuni. Mai shagon ta ce in riƙe rasit, in ba ta yi masa ba in dawo da ita.

Na bar mata rasit ɗin a kan tebur.