Waken da ya ƙi nuna

Yaya,

Na koma asibiti wajen Mama, ban samu na jira dawowarki ba.

Allah ya saka miki da alheri. Waken jiya da ya ƙi nuna, na yi ta zagin mai shago, ashe bawan Allah ba ruwansa. Kamar yadda kika faɗa a waya, tsamin tumatirin da na zuba tun farko ne ya mai da shi tsakuwa. Yau sai da waken ya yi luguf, na soya tumatirin daban har tsaminsa ya mutu, sannan na haɗa.

Yaya, Mama ta ci! Matar da ko shayi sai an yi ta lallashi, ta share kwano tas.

Naki yana tukunya. Don Allah ki juye a roba, in tumatir ya kwana a ciki ɗanɗanon ƙarfe yake ɗauka.

Da ta gama ta ce, "Wannan hannun yayarka ne." Na buɗe baki zan musa, sai na ga ai gaskiyarta ce.

Autanku