Inna, na sayi injin liƙe leda

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da ban girma, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki.

Inna, na sayi injin nan da kike yi mini dariya a kansa. Yana shagonmu na Gidan Dahala. Ana zuba garin kunu ta sama, shi zai auna, ya cika leda, ya liƙe bakinta, bel ya kai ta kwali. Aikin da muke yini a kai, kafin azahar ya gama. Da kin gani sai kin riƙe baki, sannan ki nemo masa aibu, don na san halinki.

Kin tuna zamanmu a tsakar gida muna cika ledojin garin kunu da na yaji? Ke kina aunawa da gwangwani, Gwaggo Hajo, ƙawarki ta Wamakko, tana goga bakin leda a harshen kyandir. Kuna ta musu a kan wa ya auri wa cikin mutanen da suka rasu tun ba a haife ni ba.

Da ciwonki ya yi tsanani kin ce mini, "Kak ki bari Hajo ta zamna gida. Ba ta da ɗa, ba ta da miji, zaman banza ka kashe ta." Na ce to.

Ranar da aka kunna injin, Gwaggo Hajo ta sauka daga kabu-kabu da kyandir ɗaure a bakin zani. Ta daɗe a tsaye tana kallon ledoji suna wucewa a jere. Ba wanda ya ce ta tafi. Ita ce ta ce, "Wanga abu ba shi son mutane," ta juya. Ba ta sake zuwa ba. Na aika mata da kayan cefane, ta maido. Inna, na yi kuka, na kuma ji kunyarki.

Sai na cire yaji daga aikin injin. Garin kunu nasa, yaji namu. Yaya Bello ya ce wauta ce, ga inji ana fama da kyandir. Na bar shi da surutunsa, na tafi Wamakko na ce mata injin ba ya jituwa da yaji. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da uwarki ba ku iya ƙarya ba." Amma ta ɗauko mayafinta.

Yanzu da hantsi muna bayan shago a tabarma, ina aunawa a gurbinki, tana cewa hannuna ya fi naki rowa. Jiya tana cikin liƙi ta kira ni da sunanki. Ba ta lura ba, ni kuma na amsa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ja da ran Gwaggo cikin lafiya, Ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Luba