Tun da Aka Sa wa Motar Injin Dizal, Baba Bai Ƙara Kiran Ɗansa Ba

Anti, ki taimake ni da shawara, don abin da ke cina ba na iya faɗa wa kowa a gidanmu. Ni malamar lissafi ce a kwaleji. Rabin rayuwata ya ƙare wajen nanata wa ɗalibai cewa don abu biyu sun faru tare, ba shi ke nuna ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Yau ga ni zaune da mijin da ya yi imani injin mota ne ya raba shi da mahaifinsa, na kuwa kasa buɗe baki.

Surukina, wanda duk muke kira Baba, malamin dabbobi ne kafin ya yi ritaya. Aikinsa shiga daji yana yi wa shanu da awaki allura a wuraren da kwalta ba ta san da su ba. Motar aikinsa tsohuwar a-kori-kura ce mai tsayin ƙafa, irin wadda ke ratsa yashi da laka, kuma da ya bar aiki ya saye ta a gwanjo. Marigayiya surukata takan ce motar ce babbar 'yarsa, sauran yaran duk ƙannenta ne. Da idon Baba ya yi rauni, maigidana ya karɓi tuƙinta, Baba kuma ya dawo wurinmu, a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida.

Sai mantuwa ta fara. Da farko makulli da tabarau ne, daga baya sunayen jikoki, daga baya hanyar banɗaki. Likita ya gaya mana sunan ciwon, ya kuma gaya mana ba ya komawa baya. Ni tuni Baba ya sauke ni daga matsayin suruka ya naɗa ni ma'aikaciyar asibiti, kuma in faɗa miki gaskiya ya fi girmama ni yanzu fiye da lokacin da ya san ko ni wace ce.

Abu ɗaya ne ciwon bai taɓa ba. Motar tana da wani tari da take yi idan ta shawo kwanar layinmu, idan an kashe ta kuma sai ta yi atishawa ta salansa. Da yamma Baba na jin tarin nan zai nemi hularsa, ya ja jiki zuwa ƙofa, ya ce Gajere ya dawo. Gajere shi ne sunan da yake kiran maigidana tun yana rarrafe, mutumin da yanzu sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Daga nan sai faɗa: wai har yanzu bai iya sa giya ba, yana kashe masa mota. Maigidana ya tsaya yana murmushi kamar an ba shi lambar yabo. Na sha yi masa tsiya cewa shi kaɗai na sani da ke gaggawar dawowa gida don a zage shi.

Bara injin ya buga. Bakanike ya ce kayan gyaransa sun ɓace a kasuwa, sai dai a ɗora mata injin dizal. Ba wani ya kawo shawarar daga sama ba. Shekara da shekaru Baba da kansa yana cewa da zai samu hali da ya sa mata dizal, don ƙarfin hawan tudu. Maigidana ya ɗauki abin a matsayin cika wa mahaifinsa buri. Tunda kuma an buɗe ta, sai aka ce a gyara komai. Aka kankare tsatsa, mai walda ya sake mata ƙasa, aka canja lagireto mai sanyaya inji, aka yi ta fama da giyabos, wato akwatin giyar motar, da ya ƙi auren sabon injin. Maigidana ya tono asalin koren fentinta a bayan ƙofa, inda rana ba ta taɓa ba, ya sa aka haɗa irinsa sak. Daga ofis gareji yake wucewa, ya dawo bayan Baba ya kwanta, faratansa baƙi ƙirin. An ce aikin 'yan makonni ne. Ya ci watanni.

Ranar da aka kawo ta, muka sa wa Baba kujera a ƙofar gida. Motar ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ta shigo tana ƙara mai kauri, ba tari ba atishawa. Baba ya toshe kunne, ya tambaye ni wa ya kawo injin niƙa gidan mutane. Maigidana ya sauko da makulli a tafin hannu zai miƙa masa. Baba ya gaishe shi da ladabi, gaisuwar baƙo, sannan ya roƙe shi don Allah ya matsar da motarsa, wai ɗansa na hanya kuma nan yake ajiye tasa.

Ya matsar da ita, Anti. Tun ranar a bakin layi yake barinta, ya ƙaraso da ƙafa. Baba kuwa kullum da yamma yana ƙofa da hularsa.

Yanzu maigidana ya ƙudura sai ya cire dizal ɗin ya mayar da tsohon injin, wanda ke kwance a bayan gareji ƙarƙashin tamfol, kaji na kwana a kansa. Yana ta kiraye-kirayen waya yana neman kayansa a garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Bakanike bai musa ba, shi ko cewa aka yi a sa mata fukafukai zai ce a kawo ta gobe. Ba zan ce mijina ya zare ba. Kwanan baya wata tsohuwar mota ta wuce tana tari, na ga Baba ya ɗaga kai yana lalube hularsa.

Amma akwai abin da na sani shi bai sani ba. Tun motar na gareji, wata rana ina ba Baba magani, ya rage murya ya tambaye ni wane ne dogon mutumin nan da ke kwana a gidan, ko haya yake. Na ce ɗanka ne, Baba. Ya yi dariya, dariyar wanda aka yi wa wasa. Ban gaya wa maigidana ba. A lokacin yana ta murnar an samu giyabos.

To ga inda na tsaya. Idan na faɗa masa, zai lissafa da kansa, zai gane watannin da ya ƙarar a ƙarƙashin mota su ne na ƙarshe da mahaifinsa ya san fuskarsa. Idan na yi shiru, zai koma gareji ya ƙarar da wasu watannin, kuma ranar da tsohon injin ya yi tari Baba ya dube shi bai ce komai ba, ba shi da sauran abin da zai ɗora wa laifi. Yanzu aƙalla yana da injin da zai tsana. Ban san ko ina da hakkin ƙwace masa wannan ba.

Zan tsaya nan, na ji Baba na jan kujerarsa, dole in je in riƙe masa ƙofa.

Taki,
Ma'aikaciyar asibitin Baba

*

'Yar'uwa,

Ki faɗa masa. Na fara da wannan don na lura kin iya jera dalilai ta kowane ɓangare har shiru ya zama kamar hikima.

Ba na raina tsoronki. Gaskiya ce mai ciwo, kuma mutumin da ke riƙe da fata ɗaya ba a fizge masa shi da gadara. Amma dubi abin da shirun ke saya masa: wasu watanni a gareji, alhali Baba na yau ma ba shi za a samu ba nan gaba. Yau yana iya gaisuwa, yana iya zama a ƙofa, yana iya dariya. Wannan ma zai tafi. Kuma maigidanki ba jin daɗin tsanar injin yake ba. Wa ya ɗora injin? Kansa yake tsana, 'yar'uwa, ya sa wa abin suna dizal. Labarin da kike ɓoyewa zai yi masa ciwo ta wani gefe, amma zai sauke masa wannan: ba hannunsa ne ya ɓatar da shi a idon mahaifinsa ba. Ciwon ne, kuma da yana zaune a gida kullum ma da ranar ta zo.

Sai dai ki bar malamar lissafi a kwaleji. Kada ki kawo masa hujja, kada ki ce ai dama. Ki ba shi labarin ranar maganin kamar yadda kika ba ni, ki gaya masa abin da ya hana ki faɗa a lokacin. Zai iya jin haushinki na kwana biyu. Ki ɗauka.

Batun tsohon inji kuwa, kada ki hana shi. Kin ga da idonki ƙara na isa inda fuska ba ta isa, kuma yana da hakkin ya gwada. Abin da za ki nema shi ne a canja yadda za a gwada. Ku tambayi bakanike ko zai iya tayar da injin a inda yake, ba tare da an sake farke motar ba. Aikin ya zama na bakaniken shi kaɗai, da rana, maigida na ofis. In injin ya tashi, ku kai Baba ya ji, bayan kun shawarci likitansa. Wataƙila ya kira sunan Gajere. Wataƙila ya kira ya manta kafin ku iso gida. Wataƙila shiru. Ku yi maganar duka ukun kafin ku fita. Yammaci kuwa na Baba ne, babu gareji.

Akwai abin da nake so ki nuna wa maigidanki, don wanda abu ya daka ba ya ganinsa. Dattijon da ya manta hanyar banɗaki bai manta yana da ɗa ba. Ya tsaya gaban baƙo da ƙatuwar mota ya kare wa ɗan nan wurinsa. Fuskar ce ta ɓace masa.

Saboda haka ya daina tsayawa a gabansa yana jiran a gane shi, wannan jarrabawa ce da dukansu biyu ke faɗuwa kullum. In Baba ya ɗauke shi baƙo, ya zama baƙon kirki. Ya ɗauko kujera ya zauna kusa da shi, su jira tare. Ya tambaye shi wane irin yaro ne wannan da ake jira. Zai ji abin da uba ba ya faɗa wa ɗansa ido da ido. Wata safiya kuma a kawo motar a kashe, a buɗe ƙofa, a bar Baba ya shafa sitiyari, baƙon ya nemi ra'ayinsa a kanta. Mutumin da ya yi rayuwarsa a daji da mota ba zai rasa gyaran da zai yi masa ba.

Ke ma ki dubi kanki. A duk wasiƙarki ban ga wanda ke karɓarki ba. Ke ce magani, ke ce ƙofa, ke ce ma'ajiyar abin da ba a faɗa. Surukarki ta haifi wasu yaran, ki sa maigida ya kira su a raba kwanaki. Barkwancinki ya ba ni dariya, amma na san irin gajiyar da ke sa mace ta koyi yin magana haka.

Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, yara ba sa kusa. Idan kin gama faɗa ya yi shiru, ki bar shirun. Idan ya yi kuka, kada ki yi masa bayani, ki zauna kawai.

Allah ya sassauta wa Baba, ya ba maigidanki juriya, ke kuma ya ba ki wanda zai tambaye ki yaya kika kwana.

Antinku