Saniyar da Na Mayar Miki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habi. Assalamu alaikum, tare da gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki.

Shekara tara ke nan rabona da gida. Kin sayar da saniyarki mai karyayyen ƙaho kika ba ni kuɗin mota, kika ce, "Je ka nemo, ka mayar mini da biyu." Ko jana'izarki ban samu ba. Ina dako a kasuwar Roxy ta unguwar Adjamé a ranar, da dilar atamfar wani a ka.

Garin nan ya cinye mini baya, Inna. Da dako ya gagara, sai na koma unguwar Arras ta Treichville, shagon wani mai zane, Sale. Jikan Hausawa ne, haifaffen nan, Faransanci ya fi zama a bakinsa. Na girme shi nesa, amma ni ke wanke masa buroshi. Tsakani da Allah bai taɓa wulaƙanta ni ba.

Shi ya ajiye mini hoton zanen wani Bature, ya ce in kwafa a kan katako, in ya yi kyau zai riƙa ba ni aiki. Saniya ce ruwan ɗorawa, tana tsalle, duwatsun bayanta shuɗaye. Na ce wannan mutum bai taɓa ganin saniya ba. Sale ya ce ba fatarta ya zana ba, murnarta ya zana.

Kin tuna ranar da kika kama ni ina zana akuya da gawayi a bangon ɗakinki? Ba ki buge ni ba. Kika karɓi gawayin kika ja layi a wuyanta, kika ce, "Abin da aka yanka, ba za a ce ka busa masa rai ba ranar gobe."

To da na gama, sai na ɗauki baƙin fenti na ja layin nan a wuyan saniyar. Masu ɗinkin da ke maƙwabtaka suka leƙo, suka yi ta dariya, har yau mahauci suke kirana. Sale bai yi dariya ba. Cewa ya yi babu mai sayen yankakkiyar saniya, in zaɓa: ko layin ko aikin.

Na shafe layin, Inna. Shafa biyu na yi masa da fenti ruwan ɗorawa. Ban tambayi malami ba, don ina tsoron amsar. Yunwa ce ta yi mini fatawa.

Bayan ya bushe ne Sale ya nuna mini kuskurena: ƙahon hagu a karye na zana shi. Na Baturen lafiyarsa lau. Wallahi ban san hannuna ya yi haka ba. Na tsaya a gabanta kamar yadda nake tsayawa gabanki in na yi laifi. Ya ba ni aikin, saniyar kuwa na roƙe shi ya bar mini.

Allah Ya gafarta miki, Ya yafe mini layin da na shafe, Ya sa kada a tambaye ki a kaina.

Ga abin da na tara, tunda na san za ki so ji: buroshi uku, rabin gwangwanin fenti, kuɗin da ba su kai na ɗan maraƙi ba, da saniya ɗaya ta katako. Kin ce biyu, Inna.

Ɗanki da har yanzu bai dawo ba,
Ɗanlami